Amanar Ruwa a Hannun Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A can wani zamani aka yi fari a dawa, irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Damina biyu a jere hadari ya riƙa tasowa yana watsewa, gero ya fito ya ƙone tun bai yi bununi ba. Babban kogin da namun daji ke sha ya koma yashi, har Kada ya riƙa tona rami a tsakiyarsa yana neman laima. Da abin ya kai intaha sai Zaki ya sa aka buga tambari, kowa ya hallara, na tudu da na fadama, masu tashi da masu jan ciki.

Zaki ya ce, "Shekarar da aka yi ruwa, yakan zo har ya fi ƙarfinmu, mu zuba masa ido ya wuce. Da rani kuma mu zauna muna haki. Ina neman shawara."

Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai mashigin duwatsu can sama, inda kogi ya tsuke. In aka datse wurin aka yi masa ƙofa, za mu ajiye ruwan damina mu ci rani da shi."

Aka yi na'am. Giwa ta jawo guma-gumai, Ɓauna ta tattaka ƙasa, Gara ta kwaɓa yumɓu ta liƙe kowace kafa. Mutanen fadama, waɗanda garinsu ke can ƙarshen kogi, tafiyar kwana bakwai, su ma ba a bar su a baya ba. Kwaɗi suka zo da laka a baki, Zalɓe da Balbela suka yi ta jigilar ciyawa, Barewa ta yi aikin aike. Kafin wata damina madatsa ta tsaya, ruwa ya taru a bayanta har ido ba ya ganin gaɓa.

Ranar buɗewa Zaki ya naɗa Giwa Sarkin Ruwa, ya ba ta mabuɗin ƙofa. Ya naɗa Kunkuru Ma'aji, ya ba shi ƙwaryar tsakuwa ta lissafi da doguwar gora mai tsage-tsage ta auna zurfi. Ya ce, "Giwa, wannan ruwa ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Amana ce ta duk mai shan kogin nan, daga kansa har ƙarshensa." Giwa ta durƙusa ta karɓa, kuma har zuciyarta ta yi niyyar riƙe amana.

Ba a daɗe ba albarka ta bayyana. Gari ya kafu a gindin madatsa, Tururuwa da Kurege da Bushiya suka yi unguwanni, kowa na ɗiban ruwa ba tare da tafiyar yini ba. Ɓauna da Gafiya suka share fili suka ja lambatu, suka shiga noman rani, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir, suna biyan kuɗin ruwa duk kaka. Kura kuma ta zo da jari ta kafa majema a bakin kogi. Ta ɗauki Zomaye aiki birjik, masu jiƙa fata a ruwan toka, masu kankare gashi, masu dakan bagaruwa. Da ciniki ya buɗe sai ta ga bagaruwa na ɓata mata lokaci, ta sayo wani magani mai kaifi a hannun fatake, wanda ke gama jima cikin 'yan kwanaki. Duk dawa babu mai biyan haraji kamar ta.

Daga nan ƙofar gidan Giwa ta daina rabuwa da jama'a. Da asuba Tururuwa ce, tana cewa gari ya ƙaru, a ƙara musu ruwa. Da hantsi Ɓauna ce, tana cewa shinkafa ta ɗauki ciki, in aka rage mata ruwa mako guda ta tashi a tutar babu. Da azahar Kura ce, tana tuna wa Giwa cewa bakin Zomaye da iyalansu a kanta yake. Da la'asar manzon fada ne, yana tambayar kuɗin shiga. Da almuru kuma Gara ce, tana cewa bango ya fara tsatsa a gefen gabas, a ware na gyara. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa buƙatarsa ta gaskiya ce. Giwa takan kwana tana juyi, gari ya waye ta ba wanda ya fi matsa mata. Mutanen fadama kuwa ba su da mai zuwa ƙofar, don haka ba sa cikin waɗanda ake jin muryarsu.

To, rayuwar fadama a kan cikowar kogi take. Da can, in damina ta yi tsakiya, ruwa kan taho ya malale fili, ya kwana wata biyu ko uku. A cikin wannan malala Tarwaɗa da Ƙarfasa ke zuba ƙwai, a ciki shinkafar fadama ke tashi, ita ke cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. In ruwan ya janye sai a bi laimar a shuka wake da masara, ciyawar burgu ta fito garken da Balbela ke bi ya yi kiwo har bazara. Da rani kuma magudanan kan bushe ƙayau, rana ta ƙone duk muguwar saiwa.

Yanzu lamarin ya juye. Da damina Giwa takan rufe ƙofa don ta tara na rani, sai cikowa ta daina isa. Da rani kuma ragowar ruwan gonaki da na majema ya riƙa tsiyaya ba yankewa, magudanan ba su cika ba, ba su bushe ba. A nan kachala ta samu gindin zama. Ta tsiro ta wuce tsayin Raƙumin Dawa yana tsugune, saiwarta ta sarƙe ta riƙe laka, har jirgin Kwaɗo ya kasa ratsawa. Jan Baki suka yi sheƙa a cikinta dubu-dubu, da sassafe su tashi su rufe rana, su sauka a gonar dawa su bar kara tsaye. Ruwan da ke isowa kuma baƙi ne, mai kumfa da wari, wanda ya sha sai ciwon ciki.

Da shekara ta uku ta zagayo sai tsohon Zalɓe ya ɗauki matacciyar Tarwaɗa a baki, ya yi tafiyar kwana bakwai, ya ajiye ta a ƙofar Giwa, ya tsaya yana waƙa:

Giwa, Giwa, mai riƙon ƙofa,
Mun kai laka, mun kai ƙarfi,
Ruwan damina ina ya kwana?
Tarwaɗa ta rasa wurin ƙwai.

Giwa ta fito, ta ga kifin, hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Baba Zalɓe, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Koma gida, zan duba."

Daren nan ta kira majalisarta. Kunkuru ya ce mafita ɗaya ce, a saki ruwa da damina, a tsuke da rani, a sa Kura ta tace abin da take zubarwa. Ɓauna ta ce in aka yi haka rabin gonarta ya tafi. Kura ta ce in aka ɗora mata wannan kashe kuɗi, gobe za ta naɗe fatunta ta koma wani kogi, a san yadda za a yi da Zomaye. Manzon fada ya ce baitulmali ba zai yarda da ragi ba. Aka yi shiru.

Sai Gizo ya sauko daga azara, ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakinsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, me ya yi zafi? Talaka ba ruwa yake nema ba, so yake a nuna an san da shi. A sa rana guda a shekara, a kira ta Ranar Alheri. Kura ta kawo buhunan shinkafa, hukuma ta haƙa musu rijiya, a tafi da makaɗa da maroƙa. Kowa zai ga kina da tausayi, ba wanda zai yi asara."

Kunkuru ya ce, "Wa zai biya makaɗa?"

Gizo ya ce, "A ɗan taɓa kuɗin gyara, ai bango ba yau zai faɗi ba."

Giwa ta ji daɗin shawarar, don ta sama mata hanyar yin alheri ba tare da ta ɓata wa kowa na kusa da ita rai ba. Ta danƙa wa Gizo aikin.

Ranar Alheri ta zo. Aka kafa rumfa a bakin fadama, aka jera buhuna, kowanne da zanen Giwa a gefe guda, na Kura a ɗaya gefen. Kalangu ya ɗauka, maroƙa suka yi ta kirari. Aka jera mutanen fadama a rana tun hantsi, sai da azahar aka fara rabo, kowa mudu guda. Wata tsohuwar Kwaɗo ta karɓi nata a gefen zane, ta ƙulle, ta ce wa jikanta, "Da can daga gonar bayan gida nakan cika rumbu, har in aika wa dangi." Gizo ya ce ta ɗaga murya ta yi godiya, ta yi. Rijiyar da aka haƙa kuwa, da aka jefa guga sai ya fito da laka, domin ƙasar ta daɗe ba ta sha cikowa ba. Gizo ya sa aka rufe bakinta da tabarma, aka kafa allo mai sunan Sarkin Ruwa a kai. Ya koma ya gaya wa Giwa cewa fadama kaf addu'a suke mata. Rabin buhunan kuma suna ɗakin matarsa Ƙoƙi.

Haka aka yi shekara biyu. Zalɓe ya sake zuwa ya yi waƙarsa, Gizo ya tare shi a zaure ya sallame shi da goro.

A shekara ta shida aka yi damina mai ƙarfi. Ruwa ya kwana bakwai yana zuba, tafki ya cika ya taɓa tsagar ƙarshe ta gorar Kunkuru. Cikin dare Gara ta rugo ta ce, "Ranki ya daɗe, tsatsar nan da nake faɗa ta buɗe baki. In ba a saki ruwa yanzu ba, bango zai tafi da garin gaba ɗaya." Giwa ta tashi ta wangale ƙofa. Babu lokacin aika wa kowa.

Ruwa ya fita da ƙugi. Ya share lambatun Ɓauna, ya shiga majemar Kura ya kwashe fatu da tulunan magani. Da ya isa fadama sai ya tarar kachala ta toshe hanyarsa ta asali, ya karkata ya bi ta cikin gidaje. Gari ya waye mutanen fadama suna kan bishiyoyi da tuddai, rumbuna sun narke, wata unguwa ta nutse, wata kuma a gefenta ko ɗigo bai kai mata ba.

Zaki ya sa aka buga tambari karo na biyu, ya ce Malam Dila ya zauna ya bi kadin lamarin. Dila ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba zan yanke hukunci a kan kogin da masu riƙe da shi ba su taɓa ganin ƙarshensa ba. Sarkin Ruwa da Ma'aji su taka da ƙafarsu har fadama su dawo, sannan a zauna. Gani ya kori ji."

Giwa ta ɗora Kunkuru a bayanta suka kama hanya. Ta ga inda lambatun Ɓauna ke yoyo, rabin ruwan na nutsewa a yashi kafin ya kai gona. Ta ga bakin kwatar majema, inda ciyawa ta ƙone ta yi ja. Ta kutsa cikin kachala har ta ɓace a ciki, ita da duk girmanta. Ta yaye tabarmar da ke bakin rijiya mai sunanta, ta zura hanci, ta shaƙo laka. Kunkuru kuwa duk ƙofar gidan da suka wuce sai ya tambaya, "Da me kuke ci?" In aka ce da su, ko da kiwo, ko da noman fadama, ko da kaba da goriba, sai ya tsinci tsakuwa guda ya jefa a buhu.

Ranar zama, kowa ya faɗi ta bakinsa. Tururuwa ta ce gari ba ya rayuwa ba ruwa. Ɓauna ta ce shinkafarta ce ta hana yunwa dawowa. Kura ta ce ita ke riƙe da baitulmali. Wani Zomo ya miƙe yana rawar murya ya ce, "Allah gafarta Malam, in aka rufe majema 'ya'yana za su kwana da yunwa, ni ba ni da gona." Zalɓe ya ce shi ba sadaka ya zo nema ba, haƙƙin laka da ƙarfin da suka kai ya zo tambaya.

Dila ya juya ya ce, "Inna Shamuwa, ke ce kike sheƙa a garuruwan 'yan Adam duk damina. Kin taɓa ganin irin wannan a wurinsu?"

Shamuwa ta gyara fiffike ta ce, "Na gani, Malam, kuma ba nesa ba. A shekarun babban fari, zamanin Gwamna Audu Baƙo, suka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. A 1992 suka ƙara wata a kan Kogin Challawa a wajen Ƙaraye. Kogunan nan biyu su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Tun 1976 suka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ba zan ɓoye alherin da aka samu ba. Birnin Kano na shan ruwan nan, kuma duk wanda ya ga shinkafa da tumatir na Kadawa da Bunkure da Garun Malam ya san an ci riba. Amma a ƙasa na ga cikowa ta ragu, na ga kachala ta toshe magudanai, ruwa ya bar wasu garuruwa ya afka wa wasu, Jan Baki na cinye amfanin gona. Na ga ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai yana gangarawa rafuka."

Dila ya ce, "Sun yi wani abu a kai?"

Shamuwa ta ce, "A farkon shekarun 1990 wasu masanansu suka zauna suka lissafa abin da fadama ke bayarwa, kifi da noma da itace, suka tarar ruwan da aka bari ya isa fadama ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka zuba a manyan gonakin rani. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayin da duniya ke karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. Har yanzu ana fama, domin yanke kachala ya fi barinta ta tsiro wuya. Ku naku bai yi nisa haka ba."

Sai Kunkuru ya matso ya juye ƙwaryarsa a gefe guda, ya juye buhun a ɗaya gefen. Tsibin buhu ya ninka na ƙwarya. Ya ce, "Wannan ƙaramin shi ne abin da ke biyowa ta ƙofar fada, haraji da kuɗin ruwa, shi kaɗai nake ƙirgawa shekara shida. Wannan babban kuwa gidajen da fadama ke ciyarwa ne. Kifinsu da nononsu ba sa shiga baitulmali, kai tsaye suke shiga tukunya. Da yake ba a rubuta su ba, duk ranar rabo sai a ɗauka babu su."

Giwa ta miƙe ta ajiye mabuɗi a gaban Zaki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauke musu damina na aika musu da mudu, na kuma yarda aka ce mini mai alheri. A ba wani."

Zaki ya ce, "Ɗauki mabuɗinki. Yau kika san kogin, ba yau zan ba wanda bai san shi ba. Malam, muna saurare."

Dila ya ce, "Ruwan nan ba zai ishi kowa yadda yake so ba, taura biyu ba ta taunuwa. Abin da za a iya shi ne a jera buƙatu, a san wace ce gaba, kowa kuma ya san dalili. Ruwan sha shi ne farko, kuma bakin mai sha a fadama daidai yake da na mai sha a gari. Na biyu gyaran bango, a cire kasonsa kafin kowa ya taɓa kuɗin, ko fada ce. Na uku cikowar damina. A sa mata lokaci, a saki ruwa da gangan, Hankaka ya riga shi da kwana bakwai yana shela. Da rani a rufe ƙofar fadama wata biyu magudanai su bushe, na sama da na ƙasa su fito aikin gayya a sare kachala a ƙone. Abin da ya rage shi ne na noman rani da majema."

Ɓauna ta ce, "Malam, an yanka ni."

Dila ya ce, "Rabin abin da ake ba ki yashi ke sha. Gara za ta daɓe miki lambatu, hukuma ta biya rabi. Gonakin da ke kan jigawa kuma a daina sa musu shinkafa, a shuka abin da ba ya shan ruwa sosai. Za ki ragu, amma ba za ki karye ba."

Kura ta ce, "Ni fa na faɗa, tashi zan yi."

Dila ya ce, "Ba ma son ki tashi, Kure, saboda wannan Zomo da 'yan'uwansa. An ba ki damina biyu ki haƙa ramukan tacewa, fada ta sassauta miki haraji har ki gama. Amma daga yau wurin da kike ɗiban ruwa zai koma ƙasa da wurin da kike zubarwa. Abin da kika aika wa fadama, ke za ki fara jiƙa fata da shi. In kuma kin zaɓi tafiya, Shamuwa za ta riga ki isa duk kogin da kika nufa ta ba da labari."

Kura ta sunkuyar da kai ta yi lissafi, ta ga haƙa rami ya fi ƙaura sauƙi. Ta ce ta yarda.

Manzon fada ya buɗe baki zai yi magana, Zaki ya ɗaga hannu ya ce, "Fada ma za ta ɗauki nata ragin. Ba zan ce a tsuke ciki ni in saki nawa ba."

Dila ya ƙara da cewa a majalisar ruwa a ba fadama kujera biyu, Zalɓe da tsohuwar Kwaɗo, kuma ba a yanke rabo sai suna zaune. Gorar awo a fitar da ita daga ɗakin Ma'aji, a kafa irinta a kasuwa da bakin fadama, Hankaka ya riƙa faɗin tsagar da ruwa ya kai duk ranar kasuwa.

Barewa ta ce, "To, Ranar Alheri fa?"

Dila ya ce, "Ba a hana kyauta ba. Amma mai bashi a kansa, biya ake fara tambayarsa. Wanda ya sauke haƙƙin da ke cikin aikinsa, in ya ga dama ya gina makaranta, ya haƙa rijiya, za mu yi masa godiya da gaske."

Aka nemi Gizo ya kawo lissafin buhuna, aka tarar tuni ya haye bango ya maƙale a lungun azara. Shi ya sa har gobe a can ake ganinsa.

Gyara bai zo da sauƙi ba. Sarar kachala ta ci rani uku, hannuwa suka yi kanta, kuma duk inda aka yi sake sai ta dawo. Ɓauna ta yi shekara ba ta gaisa da Zalɓe. Kura ta yi ƙoƙarin buɗe wata kwata da dare, ruwan ya dawo mata ya ɓata fata ɗari, ba ta sake ba. Amma a damina ta huɗu cikowa ta isa fadama a ranar da Hankaka ya faɗa, Tarwaɗa ta zuba ƙwai, rijiya mai allo ta kawo ruwa da kanta.

Sai kuma aka sake yin shekarar ƙarancin ruwa. Gora ta tsaya a rabi, kowa ya gani da idonsa a kasuwa tun kafin a kira zama. Majalisa ta kwana uku tana gardama, murya ta tashi, Ɓauna ta fita ta dawo. A ƙarshe aka bar ruwan sha yadda yake, aka rage na noman rani, aka gajarta cikowa, majema ta koma aikin rabin yini ba tare da an sallami Zomo ko ɗaya ba. Babu wanda ya tashi da murna, babu kuma wanda ya yi hijira. Aka ci ranin da wuya, aka fita tare.

Jama'a, duk wanda aka danƙa wa abin da mutane ke rayuwa da shi, hukuma ce ko kamfani, ƙofarsa ba za ta rabu da masu buƙata ba, kuma yawancinsu gaskiya suke faɗa. Ba za a zarge shi don bai gamsar da kowa ba. Za a tambaye shi ko ya ƙirga waɗanda ba su iya zuwa ƙofar, ko ya faɗa musu gaskiyar abin da ke hannunsa, ko ya kwashe dattin da aikinsa ya haifar. A nan ake gane mai kula da al'umma, tun kafin a kai ga buhun shinkafa da allon suna.

Ƙurunƙus kan kusu.